Dara Mai Bene

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula, sauke ƙafarka daga kan katakon nan, maɗaci ne, ya girme ka. Na ji abin da ya kawo ku. Kun ga dara mai bene a hannun 'yan jami'a, kun ga ana saye, shi ne kuke so in ba ku awo kawai, wai sauran aikin inji ne zai yi. Faifai uku na katako da 'yan ramuka, in ji ku. To, sannunku da ƙoƙari. Ni ma haka na ce ranar da aka fara kawo mini maganarta, kuma a lokacin na yi shekaru da zarto a hannu, ba irinku ba da ko guduma kuka ɗauka sai kun nemi mai ɗaukar ku hoto. Awo zan ba ku, ni ba marowaci ba ne. Amma sai kun zauna kun ji inda na samo shi.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne miƙe tsofaffin ƙusoshi. Babana ya kai ni Titin Bauchi wurin wani kafinta Ibo, Oga Cletus, wanda a nan Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa har da ta zagi. Ya zubo mini ƙusoshi cike da gwangwani, lanƙwasassu masu tsatsa, ya ba ni guduma da guntun ƙarfe, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Na yi ta bugun yatsuna har farce ya yi baƙi ya fita. Sai da ya ga ban gudu ba sannan ya bar ni na taɓa sanfefa, takardar goge katako, daga sanfefa zuwa filen na fere katako, daga filen zuwa zarto. Cizal kuwa, ƙarfen sassaƙa, sai da gemu ya fara fito mini. Matarsa, Madam Nkechi, tana da shagon ƙusa da gam da hinji a Tina Junction. Ita ke aiko mana da abincin rana, kuma kullum nawa daban take zubawa, da kifi, don ta san abin da nake ci da wanda ba na ci. Ba zan manta mata wannan ba.

Wata ƙofa muka yi wa wani fasto a tsakiyar damina, kun dai san damunar garin nan, ruwa ya yini yana zuba ba ya gajiya. Katakon ya yi kyau a ido, muka haɗa, muka kafa, kowa na yabo. Da sanyi ya shigo iska ta bushe, sai ƙofa ta murɗe, ta buɗe baki a tsakiya har kana hango ɗakin mutum daga waje. Oga bai yi musu ba, ya sa na ɗauko ta a ka har shago, muka sake sabuwa. Tun daga ranar, in za mu sayi katako a kasuwa sai ya sa in ɗora kumatuna a jikinsa. In na ji sanyi, to da sauran ruwa a ciki, a bar shi. Ya ce katako ko an sare shi yana shan ruwa da damina yana ramewa da rani, kafintan da bai san haka ba shi zai sha kunya. Abu na biyu da ya cusa mini shi ne sumul. In na ce na gama aiki, sai ya rufe ido ya shafa da tafin hannu, in ya ji ko ɗan tudu kamar ƙwayar gero ya mayar mini. A wurinsa, aikin da hannu ya ji wani abu a jikinsa bai ƙare ba. Da wannan tarbiyya na buɗe shagona a nan Dutse Uku bayan ya sallame ni, ina yin gadaje da kujeru da bencin makaranta, alhamdu lillahi ana ci ana sha.

Benci nake haɗawa ranar da Tica Azi ya shigo. Dattijo ne ɗan asalin duwatsun nan, Kirista, ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, dogo siriri, da wata kwat da ta ga jiya ta ga yau, da tabarau masu kauri kamar gindin kwalba. Madam ce ta turo shi, lokacin Oga ya riga ya rasu. Ya shigo rungume da kwalayen sabulu uku da ya ɗora kan juna da karan dawa, ya jera marafan kwalba a kansu. Ya ce so yake in yi masa wasan Zarangawa da katako.

Na ce ban san Zarangawa ba, a wace jiha suke? Ya yi dariya ya ce ba sa kowace jiha, shi ya ƙirƙire su. Wai a shekarun da yake aji, in littattafai ba su iso ba, ko ruwa ya hana yara fita, sai ya riƙa ba su labarin wasu mutane da ke zaune cikin wani dutse mai hawa uku. Tsofaffi da wutar gari suna cikin kogo a ƙasa, manoma a tsakiya, masu gadi a can ƙololuwa. Ya yi musu sarauta, ya yi musu waƙoƙin biki, har irin tuwon da suke ci ya sani. Wata rana wata ɗaliba ta tambaye shi, to in sun gaji da noma wane wasa suke yi?  Ya koma gida yana tunani, kuma tunanin nan bai sake shi ba har ya tsufa. Shi kaɗai yake buga wasan a cikin kansa, shi ne wannan gefe, shi ne wancan.

Ni dai na dube shi na dubi kwalayen, na ce a raina rashin fitowar fansho ne ya taɓa bawan Allah. Na ce masa ni ba na sassaƙa mutum-mutumi, kuma ba na aikin caca. Ya ce Zarangawa ba su san kuɗi ba balle caca, 'ya'yan wasan kuma in yi su yadda na ga dama, ko siffar turmi ko ta tulu. Na ce to ya rubuta dokokin mana ya huta. Ya ce ya gwada, 'ya'yansa da ke Legas sun karanta sun ce masa sannu Baba. Sai ya cire tabarau ya ajiye a kan bencina.

"Malam Habu, likita ya ce idon nan tafiya yake yi, ba zai dawo ba. Wasan nan a kaina kaɗai yake. In bai koma hannun wasu ba, ranar da aka binne ni da shi za a binne."

Na jawo masa kujera.

Ku da kuka ce faifai uku ne da ramuka, bari in gaya muku abin da ke ciki. Kowane ɗan wasa yana da manoma, da masu gadi, da tsohuwa ɗaya da ake kira Mai Wuta. Tana farawa daga kogo, wato hawan ƙasa, kuma wanda ya fara kai tasa hawan sama shi ya ci. Akwai gurabe kaɗan da ake kira matakala, ta nan kaɗai ake hawa ko sauka. Ba a cin ɗa a fitar da shi kamar a darar da kuka sani. Abin da ake yi shi ne inuwa. In ɗanka ya tsaya daidai saman ɗan abokin wasanka, a hawan da ke bisansa, to ya yi masa inuwa, na ƙasan ba ya motsi. Ba abin da ke ɗage ta sai mai gadi ya zo hawa ɗaya da mai inuwar ya ture shi gefe. In aka yi wa Mai Wutarka inuwa, kuma ba ka da mai gadin da zai iya zuwa ya cece ta, wutarka ta mutu, sai ka tashi. Ke nan ba gaba da gefe kaɗai za ka duba ba, har sama da ƙasa. Kuma ke nan kowane gurbi dole ya zauna daidai a kan ɗan'uwansa na ƙasa, ba kaucewa ko ta kaurin farce, in ba haka ba 'yan wasa su yini suna gardamar inuwar wa ke kan wa.

Darar farko da na yi, na auna kowane faifai daban na huda shi daban, da na ɗora su sai gurabe suka ƙi kallon juna. Na jefar. Ta biyu na matse faifan uku da kilam, ƙarfen matse katako, na auna su tare, gurabe suka daidaita, amma ginshiƙan sun yi gajarta, hannu ba ya shiga tsakanin hawa da hawa sai ya ture 'ya'ya. Na sa Tica ya dunƙule hannunsa da ɗan dara a ciki, na auna, na ƙara yatsa biyu. Wannan shi ne awon da kuke nema. Ta uku ce ta ba ni haushi, don ina ganin idon mutum na tafiya na yi gaggawa, na sa katakon malaina da bai gama bushewa ba. Ƙafafun 'ya'yan suka shiga gurabe daram da damina, da iska ta bushe gurabe suka tsuke, sai an sa filaya ake ciro manomi. Daga nan na je na nemo maɗacin wata tsohuwar wadirof da aka yi tun ban san kaina ba, katakon da ya gama duk wani motsin da zai yi a duniya. A lokacin Tica yana iya bambanta fari da baƙi in ya matso da abu kusa da fuska, don haka muka shirya 'ya'yan gefe ɗaya farare, na ɗaya gefen baƙaƙe. Muka yi da shi in na gama zan aika masa.

Sai shekarar nan ta zo, wadda gari ya rikice. Ba zan ba ku labarinta ba, ku tambayi iyayenku, in sun ga dama su faɗa muku. Abin da ya shafi sana'a shi ne gari ya tsage biyu. Masu sayen gadajena da yawa daga ɗaya ɓangaren suke, suka daina zuwa, ba don sun ƙi ni ba, hanyar ce ba ta biyuwa. Na kusa kuwa, wa ke ta kujera? Na koma gyaran rufi da ƙofofin da aka ɓalle. Masu koyon aiki a wurina duk suka watse, wani ya koma acaba, wani ya bar garin. Tica yana can bayan Tina, tafiyar da ba ta isa a hau mota ba, amma shi ba ya iya zuwa, ni ma ba na iya zuwa. Sai dai waya, ita ma in ya kira, bayan gaisuwa ba abin da yake tambaya sai ina aka kwana a kan katakon.

Da aiki ya yi ƙaranci, sai na zuba duk ƙarfina a kan darar nan. Na goge ta da sanfefa mai kaushi, na bi da mai laushi, na bi da tsumma. Na yi 'ya'yan duka siffa ɗaya, santala-santala, bambancin manomi da mai gadi ɗan zoben fenti ne a wuya. Na shafa banish, ya bushe, na goge, na sake shafawa, har kana ganin fuskarka a hawan sama. Na rufe ido na shafa yadda Oga yake yi, hannuna bai ji komai ba. Gaskiya na ji daɗin kaina, ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Kuma ita ta riƙe ni a shekarar, don mutumin da ya saba tashi da zarto, in ya rasa abin yi zuciyarsa ba ta zama lafiya.

Da abubuwa suka ɗan lafa, Madam ta kira ni ta ce in kawo abin shagonta, ita za ta sa a kawo Tica, don Tina ce wurin da ni da shi duka za mu iya tsayawa hankali kwance. Na naɗe darar da bargo na ɗora a baro. Ina isa na gan shi zaune a kan benci, ba tabarau, da sanda tsakanin ƙafafunsa. Na gaishe shi, ya juya fuska wajen da ba nan nake ba. 

Na kwance bargo, mutane suka taru, masu kayan gwari da 'yan acaba, kowa na yabon aiki. Tica ya miƙa hannu biyu ya shafa hawan sama, ya shafa na tsakiya, ya ɗauki ɗa ɗaya ya juya shi a yatsu, ya ajiye ya ɗauki wani. Ya daɗe yana haka. Sannan ya tambaye ni a hankali wanne ne fari wanne ne baƙi, wanne ne manomi, ina Mai Wuta. Ya ce aikin ya yi santsi ƙwarai, ya gode, amma shi duk ɗaya yake jin su. Ni ido na yi wa aiki, ido kuwa ya riga ya tafi. Duk abin da hannu zai kama ya gane, ni da kaina na bi na goge shi da sanfefa.

Madam ta dube ni ta ce, "Habu, menene kana kallo? Ɗauka abin nan, ka je ka ɓata shi."

Ɓatawar nan ta fi yin wuya. Hannun da aka horar shekara da shekaru ya share tabo, yau shi ake cewa ya bar tabo, sai in ga ina sassaƙa ina gogewa ban sani ba. Sai da na kai sanfefa gida na ɓoye don kada in gan ta. Na sake 'ya'yan gefe ɗaya da kanya, mai nauyi a hannu, na ɗaya gefen da busasshiyar malaina marar nauyi. Manomi na bar shi da sawun wuƙa a jiki, mai gadi na yi masa kai mai kusurwa huɗu, Mai Wuta na yi mata tsini da zoben tagulla. Kowane gurbin matakala na zagaye shi da tsaga. Saura inuwa. Mai ido leƙawa yake ya ga abin da ke samansa, makaho fa? Wannan ta hana ni sakat, har wata rana ina gyaran wani tebur na shafa ƙarƙashinsa, ƙusar da aka buga daga sama ta leƙo ta soke ni. Na ajiye teburin na koma kan dara. Na huda gurabe har ƙasa, na ƙara wa ƙafar kowane ɗa tsawo, yadda in ya zauna a gurbi ɗan bakinta zai leƙo ta ƙarƙashin faifan. In ka sa hannu a hawan tsakiya, yatsunka na kan 'ya'ya, bayan hannunka yana jin ƙafafun waɗanda ke sama. Duk dara mai bene da kuka gani a garin nan haka ƙafafunta suke leƙowa, masu ido ma sun saba, in ba su ji ba sai su ce ba ta ainihi ba ce.

Ranar da na mayar da ita, Tica ya sa hannu ya kira kowane ɗa da sunansa, bai kuskure ba. Muka bar ta a shagon Madam, a kan wani tsohon akwatin ƙusa. Kullum bayan la'asar in rufe shago in gangara, shi kuma wani mai keke napep na unguwarsu ya kawo shi. Ni ya fara koya wa. Daga baya wani tela ya shiga, da wani direba mai jiran lodi, da wasu 'yan jami'a da suka tsaya sayen gam suka manta da gam ɗin. Su suka fara cewa in yi musu tasu, su suka sa mata suna dara mai bene, kuma daga nan aiki ya dawo mini. Shagon nan da kuke zaune a ciki, da rufinsa, da duk wanda na koya wa aiki na sallama bayan haka, albarkacin dattijon nan ne. Na gode wa Allah, na gode masa, na gode wa Madam da ta turo mini shi.

Amma Tica bai samu abin da yake nema ba, kuma mu ne sanadi. Kullum shi ke ci. Da farko don ya fi mu ne. Daga baya, da hannunmu ya faɗa, sai ya zamana wani lokacin ina ganin hanya a buɗe, ɗa ɗaya zan ɗora in kashe masa wuta, sai in dubi furfurarsa, in dubi idon nan, in kai hannu wani wuri. Tela ma haka, 'yan jami'a ma haka, kuma ba wanda ya haɗa baki da wani. Haka aka rene mu. Yaya za a yi ka kayar da sa'an babanka, makaho, a bakin titi, a wasan da shi ya haifa, mutane na kallo? Mu a ganinmu girmamawa ce. Shi kuwa hannunsa na bin katakon yana jin komai. Sai ya rage fara'a, in ya ci ko murmushi ba ya yi, har ya fara aiko mai keke ya ce yau jikin ba daɗi, ba zai zo ba.

Wata la'asar na sake kauce wa irin wannan hanya, sai ya kama wuyan hannuna kafin in saki ɗan.

"Malam Habu, ba nan za ka sa ba, kai ma ka sani. Kunyata kuke ji, na gode. Amma wannan rarrashin tsoho kuke yi, ba wasa ba. In na mutu a haka, kowa zai ce Allah sarki Tica, a ɗora ta a kan kabad a manta da ita."

 Na san gaskiya ya faɗa, amma ko a lokacin hannuna ya ƙi. Na ce masa ya yi haƙuri, ba zan iya ba.

Madam tana cikin shago tana auna wa wani ƙusa. Ita ba ta taɓa zama ta buga ba. Kullum faɗa take mun cika mata ƙofa, manya da gemu suna wasan yara, kwastoma ba sa samun hanya. Ashe duk lokacin nan idonta na kan katakon. Ta sallami mai ƙusa, ta goge hannu da zani, ta zo ta tsaya a kaina.

"Tashi, Habu. Ni ba na jin kunyan kowa. Tica, in na ci ka, kada ka yi kuka a shago na."

Ya ce ta zauna. Na jera musu 'ya'ya, na ba ta na kanya.

Ba ta buga yadda ya koya mana ba. Mu duka mun saba mu ruga da masu gadi mu kama ƙololuwa, sannan mu taho da Mai Wuta a baya, haka shi ma yake yi. Ita kuwa ta bar masa sama gaba ɗaya, ta tara manomanta a tsakiya, suna ta zagaye kamar ba su san inda za su ba. Tela ya matso kunnena ya ce Madam ta ɗauka ciniki ake yi. Tica ya kwashe masu gadinsa duka ya hau da su yana ɗan kaɗa kai. Wata mata ta zo sayen hinji, Madam ta ce mata ta dawo gobe, ni kuwa tun da na san ta ban taɓa ganin ta mayar da kwastoma ba. Can ya zo fito da Mai Wutarsa daga kogo, ya sa hannu a hawan ƙasa, sai bayan hannunsa ya taɓa ƙafar manomi daidai samanta. Ya kai hannu sama don ya sauko da mai gadi ya ture shi. Ya lalubi matakalar farko, manomin Madam na zaune a bakinta. Ya lalubi ta biyu, haka. Masu gadinsa duk suna can sama, ba hanyar sauka, in ma sun yi wa manomanta inuwa, ƙara kafe su za su yi a inda suke.

 Na ji tsoro wallahi, na ce a raina yau mun ƙarasa dattijon nan. Ya bi hawa ukun da hannu gurbi-gurbi, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya juyo wajen da nake ya tambaye ni ko ni na koya mata wannan. Na ce masa ni ban taɓa ganin irinsa ba.

"Ni ma ban taɓa gani ba," in ji shi. "Tun ina saurayi wasan nan yake cikin kaina, ban san manoma na iya cin sa ba."

Sai ya fara dariya, dariyar ta zo da hawaye, ya sa hannun kwat yana gogewa. Madam ta ce ai ta gaya masa ban da kuka, ya ce ya ji. Ya tattaro 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su gurabensu, ya tura sandarsa ƙarƙashin benci, ya gyara zama.

"Madam, jera kuma. Amma a hankali, ki kama hannuna ki nuna mini yadda kika yi."